Ja-in-ja a Wutsiyar Jirgi: Aikin da Ke Kayar da Jiragen Yaran Unguwar Boro

Duk wanda ya zauna a Unguwar Boro ya san yaranmu ba su da mutuwar zuciya. Kafin ka taka daga nan zuwa Sabon Tasha, sai ka ga wanda ya ƙera mota da gwangwanin madara, ka ga wanda ya haɗa fanka da injin tsohuwar rediyo mai kaset. A 'yan shekarun nan kuma burin ya koma sama, jirgi suke so. Suna kallon bidiyo a YouTube, suna tsintar farin fom ɗin da ake naɗo firiji da talabijin a ciki, suna tara kuɗin kashewarsu wata da watanni don su yi odar inji da rimot ta intanet.

Ni gyaran rediyo da talabijin nake yi a bakin titin Kachia, saboda haka in abu ya ƙi, teburina ake kawo shi. Kuma na daɗe da lura da abu ɗaya. Yaro zai ƙera jiki mai kyau, fiffike ya miƙe, inji na kuka lafiya, amma da jirgin ya tashi sai ya ƙi jin magana, ya kifa hanci a ƙasa. Nan take sai a ɗora wa batir laifi, ko a ce rimot ne jabu. In ka duba da kyau, sau da yawa ɓarnar tana can wutsiya, a wurin da ba wanda ya ɓata lokaci a kansa.

A wutsiyar jirgi akwai ƙyaure biyu masu motsi a kan hinji. Na tsaye shi ke karkata hancin jirgi dama ko hagu, na kwance kuma shi ke ɗaga hancin ko ya sunkuyar da shi. Abin da ke motsa su wani ɗan akwati ne mai ƙaramin inji da haƙoran giya a ciki, ana ce masa sarbo. Kana taɓa sandar rimot, sarbo zai juya hannunsa daidai gwargwadon yadda ka taɓa. To amma sarbo yana zaune a tsakiyar jirgi, ƙyaure kuma yana can baya, tsakaninsu rabin mita ko fiye. Dole wani abu ya kai saƙo daga wannan zuwa wancan, kuma wannan ɗan saƙon shi ne maganarmu a yau.

Abin da kowa ke fara yi shi ne ya sa sanda guda. Wani ya sa siririn ƙarfen ƙafar keke, wani tsinken tsire ya ɗaura wa waya a baki, wani ya warware hangar rataye kaya. In sarbo ya ja sandar, lafiya lau. In ya tura ta, nan ake yin ta. Siririn abu mai tsawo ba ya jure turi, lanƙwashewa yake yi. A kan tebur ba za ka gane ba, domin ba abin da ke tare ƙyauren. A sama kuwa iska ce ke danne shi, kuma ƙarfinta ba a hankali yake ƙaruwa ba: in gudun jirgi ya ninka biyu, matsin iska ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa za ka ga jirgi yana juyawa hagu tsaf, amma a dama sai ya yi kunnen uwar shegu. In kuma ƙyauren kwance ne ya ƙi ɗagawa alhali jirgi na gangarowa da gudu, sai dai a je a kwashe tarkace.

Sai yaro ya ce to bari ya sa sanda mai kauri. Ya gudu daga wata matsala ya faɗa wata. Jirgi yana da wurin da nauyinsa ke daidaita, galibi wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. Mu ɗauka daga wannan wuri zuwa wutsiya santimita 60 ne, zuwa hanci kuma santimita 20. Duk giram 10 da ka ƙara a wutsiya, sai ka zuba giram 30 na darma a hanci kafin ma'auni ya dawo. Ka ga giram 40 ke nan jirgi zai ɗauka a banza. In kuma ka ƙi zuba darmar, ka sami jirgi mai nauyin baya, wanda ko gwani bai cika sauke shi lafiya ba.

Maganin da masu wannan harka suka daɗe da shi ba shi da tsada. Maimakon sanda guda, sai a sa siraran wayoyi biyu. Hannun sarbo yana da baki biyu, dama da hagu. A jikin ƙyaure kuma a kafa ƙaho mai fitowa ta kowane gefe. Waya ɗaya ta haɗa dama da dama, ɗayar ta haɗa hagu da hagu. In sarbo ya juya nan, wannan ta ja, waccan ta saki. In ya juya can, su yi musanya. Ni ja-in-ja nake ce wa tsarin. Wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Zariya ya riga ya ga yadda abin yake: mahayi ba ya tura kan dokinsa, kamazuru ne a hannunsa, in ya ja na dama doki ya bi dama, in ya ja na hagu ya bi hagu. Waya ba ta san turi ba balle ta lanƙwashe, kuma nauyin biyun gaba ɗaya bai wuce 'yan giram ba.

Kada wani ya ɗauka dabarar masu ƙaramin ƙarfi ce. Jiragen farko da suka sauka a ƙasar nan, guda uku ƙirar DH.9A na sojojin saman Ingila, waɗanda suka taso daga Helwan ta ƙasar Masar suka dira Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, da wayoyi ake sarrafa wutsiyarsu. Air Beetle, ɗan jirgin koyon tuƙi da aka harhaɗa guda 60 a nan Kaduna don sojojin samanmu, an ɗauko shi ne daga ƙirar RV-6A ta Amurka, kuma a wannan ƙira wayoyi biyu ne ke tasowa daga matakan ƙafar matuƙi zuwa ƙyauren tsaye. Har gobe injiniyoyin ƙananan jirage suna da na'urar auna taurin waya, kuma sai sun duba zafin rana kafin su ce taurin ya yi. Wato abin da yaro ke yi da filaya a tsakar gidansu, ƙanin wancan aikin ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Sai dai ja-in-ja yana da sharaɗi, kuma a wurin sharaɗin ne nake so in daɗe.

Wani yaro ɗan sakandare daga bayan layinmu ya shigo shagona da jirginsa a hammata, fuska a murtuke. Ya riga ya sa waya biyun da kansa, kuma aikin ya yi tsabta.

"Kawu, sarbon nan jabu ne, an cuce ni. Ji yadda yake kuka."

Na ce ya kunna. A tsakiya shiru kake ji. Da ya kai sandar rimot ƙarshe sai sarbo ya fara gurnani, ƙyauren yana rawa. Na ɗora yatsa a kan akwatin, har ya ɗauki ɗumi. Na taɓa wayoyin, duka biyun sun yi tauri ƙam, wadda ya kamata ta saki ma ba ta saki ba.

"Ɗana, sarbonka lafiyarsa ƙalau. Miƙo min rula."

Na kwantar da rular a kan ƙahon, daga ramin dama zuwa ramin hagu, na ce ya leƙo ta sama ya gaya min inda layin hinji yake. Ya leƙa, ya ce yana bayan rular kaɗan. Da muka auna, milimita 2 ne. Ramukan ƙahon sun zarce layin hinji zuwa gaba da milimita 2 kacal, kuma wannan ne ke neman ƙona masa sarbon da ya yi wata biyu yana tara kuɗinsa.

Ga dalili. Hannun sarbo miƙaƙƙe ne, ramukansa biyu da sandar da yake juyawa a kai duk suna kan layi ɗaya. Don haka in baki ɗaya ya ja da milimita 10, ɗayan ma milimita 10 zai saki, ba ƙari ba ragi. Ana so ƙahon ma ya kasance haka, ramukansa biyu da tsakiyar hinji su hau layi ɗaya. In ramukan suka zarce gaba, wajen sarbo, to duk lokacin da ƙyaure ya karkata, tazarar da wayoyin biyu za su cike ƙaruwa take yi, su kuwa ba sa ƙara tsawo. Da kuskuren milimita 2, in ƙyaure ya karkata digiri 45, ana neman ƙarin waya sama da milimita 1 wadda babu ita. Daga ina za ta fito? Daga jikin hinji, daga haƙoran sarbo, daga gam ɗin da ya riƙe ƙaho. Wata rana ɗayansu zai gaji.

In kuwa ramukan sun ɗan koma baya, wajen ƙarshen wutsiya, sai akasin haka ya faru: wayar da ba ta aiki ta ɗan yi sako-sako lokacin da ƙyaure ya karkata. Wannan ba ya cutarwa in bai yi yawa ba, domin a daidai lokacin iska na danne ƙyauren a kan wayar da ke ja, ita kaɗai ke ɗauke da kaya. Da an dawo tsakiya kuma su biyun su sake miƙewa. Masu harkar a ƙasashen waje suna kiran wannan ɗan rangwame da sunan Ackermann, mutumin da ya yi rajistar wani tsarin sitiyarin keken doki a Ingila a 1818, duk da cewa wani maƙerin kekuna na birnin Munich, Georg Lankensperger, shi ya ƙirƙiro shi. Shawarata ga mai koyo ita ce ya nufi kan layi daidai, in hannunsa zai kauce to ya kauce baya da kamar milimita 1. Gaba dai kada ya yarda.

Mun ɓalle ƙahon yaron, muka yanko sabo daga tsohon katin cirar kuɗi, ninki biyu a manne. Wannan karon sai da muka zana a takarda, muka huda, sannan muka yanka. Da ya sake kunnawa, sarbo ya kai ƙarshe dama da hagu ba ko tari.

Sharaɗi na biyu ƙanin na farko ne. Tazarar ramukan hannun sarbo ta zama daidai da ta ramukan ƙaho. In wancan santimita 4 ne daga rami zuwa rami, wannan ma ya zama 4. Idan haka ta samu, wayoyin za su tafi kafaɗa da kafaɗa ba tare da sun matso juna ba, kuma duk digirin da sarbo ya juya, shi ƙyaure zai juya. Akwai masu gicciya wayoyin a cikin jiki, ta dama ta fita ta hagu, domin jikin jirgi tsukewa yake yi wajen wutsiya, kuma hakan na sa mafitar ta yi kyau. Ana yi, amma lissafin ramukan yana canzawa, kuma wayoyin na iya gugar juna a mahaɗa. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da miƙaƙƙe.

Mafitar waya daga jiki ma sai an kula. Kada ka huda da ka. Ka ɗora jirgin a tebur, ka miƙa zare daga ramin sarbo zuwa ramin ƙaho ta waje, ka ga inda zaren ya ratsa bangon jiki, nan ne wurin hudawa. Sannan ka cusa guntun bututun tawadar biro a ramin a karkace, ka manne, don kada waya ta riƙa cin fom. In waya ta yi gwiwa a hanya, ko kaɗan ce, ƙyaure ba zai riƙa komawa tsakiya wuri ɗaya ba.

Wace waya za a sa? Nan ne na fi samun gardama da yara, domin abin da ya fi sauƙin samu shi ya fi cutarwa. Farar igiyar fatsa ta roba, wadda masunta ke amfani da ita a bakin kogin Kaduna, tana da ƙarfi amma miƙewa take yi. Ka ɗaure ta yau, gobe ta saki, a sama kuma ƙyaure ya riƙa karkarwa. Zaren masu gyaran takalmi ma yana miƙewa, ko da bai kai waccan ba. Wadda ta fi ita ce siririyar wayar ƙarfe mai silli bakwai da aka lulluɓe da roba, wadda masu kamun kifi mai haƙora ke ɗaurawa kusa da ƙugiya. Akwai kuma igiyar fatsa saƙaƙƙiya, mai kama da zare, wadda kusan ba ta miƙewa, ita ma ta yi sosai ga jirgin fom. Masu hali kan yi odar zaren Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, irin wanda ake rigar sulke da shi. In duk babu, je wurin mai gyaran keke ka karɓi tsohuwar wayar birki, ka warware ta a hankali ka zare silli ɗaya wanda bai yi tsatsa ba, bai kuma karye a ko'ina ba. Ga ƙaramin jirgi ya wadatar.

Wayar ƙarfe ba a ƙulla ta, matse ta ake yi a cikin bututu. Tsohuwar eriyar rediyo mai zugewa tana ba da abin da ake so: ka ɗauki gaɓar da ta fi siranta, ka yanka guntaye kamar santimita 1. Ka zura waya ta cikin guntun, ta bi ta ramin ƙaho, ta dawo ta sake shiga guntun. Kada ka tsaya nan. Ka lanƙwaso bakin ya zagayo ta waje ya shiga karo na uku. Sannan ka kama da filaya ka matse wuri biyu, da bakin da ke da faɗi, ba wurin yanka ba, don kada ka datse wayar a ciki ba ka sani ba. Ɗigon sufa gulu a kai, shi ke nan. Bayan haka ka ja da hannunka da ƙarfi. Gara ta zame a hannunka da ta zame a sama. Zagaye na ukun nan shi ne yara suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke hana zamewa.

A gefen sarbo ana so a sami wurin ƙara tauri ko ragewa. Bakin siririn ƙarfen ƙafar keke yana da zare da ɗan notinsa, kuma in ka yanko wajen ka lanƙwasa ɗaya bakin ya zama zobe, ka sami abin daidaitawa ba ka kashe ko sisi ba. Masu walda da ƙira a Panteka ma in ka nuna musu abin da kake so, za su fitar maka da wanda ya fi wannan kyau.

Kafin ka matse bakin ƙarshe, cire farfela tukuna. Wannan ba abin wasa ba ne, farfelar waɗannan injina tana yanka yatsa har ƙashi. Sannan ka kunna rimot, ka mai da duk maɓallan gyara tsakiya, ka haɗa batir domin sarbo ya tsaya a tsakiyarsa na gaskiya. Ka ɗora hannunsa ya gicciye jikin jirgi sosai. Ƙyauren kuma ka kama shi tsakanin rula biyu da fegin shanya, ya miƙe da wutsiya. A haka za ka ja waya ta farko ka matse, ka ja ta biyu ka matse.

Tauri kuwa, kuskuren kowa shi ne yawaitawa. Ana ganin kamar in waya ta yi tauri sosai jirgi zai fi jin magana. Abin da ake nema kawai shi ne kada ƙyaure ya yi wasa in ka girgiza shi da yatsa a tsakiya. Da wasan ya ɓace, ka tsaya. In ka fizgi wayar ta ba da ƙara mai kauri, ƙasa-ƙasa, ya yi. In ta yi ƙara siririya mai tsini, ka wuce gona da iri, kuma kana jan sandar sarbo gefe dare da rana har bushinsa ya cinye. Ƙananan sarbon nan masu nauyin giram 9, masu haƙoran roba, ba su da jimirin wannan ko kaɗan.

Yanayin garinmu ma yana da ta cewa. Fom ya fi ƙarfe buɗewa da zafi nesa ba kusa ba. Jirgin da aka ɗaure wa waya da sanyin safiyar Janairu, lokacin hunturu, in ya sha ranar Maris a fili, jikinsa zai ƙara tsawo fiye da wayar, taurin ya ƙaru. Na katako kuma da damina yake kumbura. Saboda haka duk ranar da za a tashi, a taɓa wayoyin biyu, a leƙa bakin matsi, a duba mafita ko ta fara ci. Minti ɗaya ya isa.

Ba kowane jirgi ne ke buƙatar wannan ba. In ɗan ƙarami ne, daga sarbo zuwa wutsiya bai wuce taƙi ɗaya ba, gajeriyar sanda ta ishe shi. Ƙyauren fiffike ma an fi ba kowanne sarbonsa a kusa. Amma da jiki ya yi tsawo, musamman ga ƙyauren tsaye, ban san abin da ya kai waya biyu sauƙi da araha ba.

Saura wurin tashi, kuma wannan ya fi damuna fiye da waya. Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ta ce ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Mu kuma matatar mai tana nan kusa da mu, kuma bayan harin jirgi marar matuƙi da ya hallaka mutane a Tudun Biri a Disambar 2023, ba wanda zai ga laifin mutumin Kaduna in ya ga abu na shawagi a kansa gabansa ya faɗi. Kullum ina gaya wa yara kada su kusanci matata ko bariki, kada su tashi a kan gidajen mutane, kuma su nemi yardar mai fili da mai unguwa. Amma hani kaɗai ba ya raya fasaha. A garin nan aka ƙaddamar da Gulma a Disambar 2013, aka ƙaddamar da Tsaigumi a Fabrairun 2018, jirage marasa matuƙa na sojojin samanmu. Cibiyar fasaharsu, AFIT, tana Mando, kwalejin koyon tuƙin jirgi da aka kafa a 1964 tana Zariya. Yaron da ya gane da idonsa abin da milimita 2 ke yi wa sarbo, ya riga ya taka matakin farko na shiga waɗannan wurare.

Don haka ina roƙon shugabannin makarantun sakandaren Sabon Tasha da kewaye, da mahukuntan ƙaramar hukumar Chikun, su haɗa kai su nemo wa yaran nan izini da fili guda, ko da ranar Asabar ɗaya ce a wata, tare da babba mai sa ido. Malaman AFIT kuma, don Allah ku ƙetaro kogi ku zo ku ga abin da ake ƙerawa da fom ɗin firiji a kudancin garin nan. Ku kuma iyaye, in ɗanku ya roƙi kuɗin kayan jirgi, ku fara saya masa rular ƙarfe da filaya mai kyau kafin inji.